Babi na Shida: Kuɗin Motar da Ba a Hau Ba

Duk wanda ya taɓa sayen mota ya san ƙa'idar. Ranar da ka fito da ita daga wurin dillali, ranar darajarta ta fara zubewa. Bayan 'yan shekaru ta bar rabin kuɗinta a kan titi, in ta tsufa sosai kuwa sai maganar 'yan kayan gyara da 'yan gwangwan. A Najeriya faɗuwar naira kan ɓoye wannan, har mutum ya sayar da mota sama da yadda ya saye ta ya ɗauka riba ya ci, alhali kuɗin ne suka lalace, motar ba ta ƙara komai ba. Amma akwai 'yan tsirarun motoci da suke saba wa ƙa'idar da gaske, a lissafin dala da fam da yen. Sukan faɗi kamar kowace mota, su yi shekaru a ƙasa, sannan su miƙe. Honda S2000 tana cikinsu.

A watan Afrilun 2022, a kasuwar gwanjon motoci ta intanet mai suna Bring a Trailer a Amurka, an sayar da wata S2000 ƙirar 2009, samfurin da ake kira CR, a kan dala 200,000. Lokacin da take sabuwa fil ba ta kai dala 40,000 ba. Kujerunta biyu, injinta silinda huɗu kamar na Accord ɗin da ke ko'ina a garuruwanmu, but ɗinta kuwa da ƙyar ya ɗauki jakunkunan tafiya biyu. Abin da ya ɗaga ta shi ne mitarta, wadda ke nuna mil 123, wato kimanin kilomita 198. A shekara goma sha uku, tafiyar da ta yi gaba ɗaya ba ta kai daga Kano zuwa Kaduna ba.

Kafin a fahimci wannan ciniki sai an san motar kanta, domin ba kowace tsohuwar mota da aka ɓoye a gareji take jawo irin waɗannan kuɗi ba.

Kamfanin Honda da babur ya fara, a 1948. Da ya shiga ƙera motoci a 1963, bayan wata ƙaramar a-kori-kura mai suna T360, sai ya fito da S500, 'yar ƙaramar mota mai kujeru biyu da rufin da ake naɗewa. S600 da S800 suka biyo baya, daga nan aka rufe wannan layi kusan shekara talatin. A baje-kolin motoci na Tokiyo na 1995 kamfanin ya nuna samfurin gwaji mai suna SSM, kuma a watan Afrilun 1999 S2000 ta shiga kasuwar Japan, a matsayin kyautar da Honda ya yi wa kansa ta cika shekara hamsin. Babban injiniyan aikin shi ne Shigeru Uehara, wanda ya jagoranci ƙera NSX, motar da ta sa Ferrari ya sake duba aikinsa a farkon shekarun 1990. A masana'antar Takanezawa, inda ake haɗa NSX ɗin, nan aka fara haɗa S2000, kafin a mayar da aikin Suzuka a 2004.

Lokacin ba ita kaɗai ce a fili ba. Mazda MX-5 ta farfaɗo da kasuwar ƙananan motoci masu buɗaɗɗen sama tun 1989, Jamusawa suka biyo da BMW Z3 da Mercedes SLK da Porsche Boxster. Abin da Honda ya zo da shi wanda babu a wurin kowa shi ne injin.

Sunansa F20C, girmansa lita biyu, ba turbo, ba wata na'urar cusa iska. Duk da haka yana ba da ƙarfin doki 240 a motocin Amurka da Turai, 250 a na Japan, inda ake auna shi da ma'auninsu. Doki kusan 120 ke nan daga kowace lita, kuma cikin motocin kasuwa marasa turbo babu wadda ta wuce wannan sai da Ferrari 458 ta fito bayan shekara goma. Sirrin yana wurin gudun juyawa. Motar gida tana tafiyarta a kan babban titi da juyi 2,000 zuwa 3,000 a minti. Wannan inji yana kaiwa 9,000, wato juyi 150 a daƙiƙa guda, fistin ɗinsa yana sama da ƙasa da matsakaicin gudun mita 25 a daƙiƙa, abin da a da sai a motocin tsere ake gani. Kuma kamfanin ya sayar da shi da garanti irin na kowace Honda, ga mutanen da za su je ofis da shi kullum.

Dabarar da ta sa hakan ya yiwu ita ce VTEC. A taƙaice, injin yana da tsarin buɗe bawul iri biyu. A ƙasa yana numfashi a hankali, ba ya shan mai da yawa, har wasu direbobi suka riƙa ƙorafin cewa motar ba ta da kuzari a cikin gari. Da ya doshi juyi 6,000 sai matsin baƙin mai ya tura wani ɗan fil, bawul su fara buɗewa sosai kuma su daɗe a buɗe, ƙarar ta canza, motar ta zabura. Daga nan zuwa 9,000 ne duk daɗin yake. Wannan yana nufin sai direba ya yi aiki: ya riƙe injin a sama, ya sauya giya a kan lokaci, ya san inda ƙafarsa take. Giyar hannu ce mai hawa shida, kuma Honda bai taɓa yin S2000 otomatik ba ko guda ɗaya. Injin yana zaune bayan layin tayoyin gaba, tayoyin baya ne ke tura motar, nauyinta na kusan kilo 1,250 ya rabu daidai tsakanin gaba da baya. Rufin tamfol ɗin, in an saki maƙallansa biyu, lantarki yana naɗe shi cikin daƙiƙa shida.

An ƙera kimanin 110,000 daga 1999 zuwa 2009, sama da 66,000 daga ciki suka tafi Amurka. Wannan adadi ba kaɗan ba ne, kuma a nan ne mai karatu zai yi tambaya: mota 110,000 ina maganar ƙaranci?

Amsar tana cikin shekarun da motar ta yi arha. Cinikinta a Amurka ya kai kusan 10,000 a 2002, ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da 3,000 a 2008, shekarar da tattalin arziƙin duniya ya karye, mutane suka daina tunanin motar wasa. Honda ya dakatar da ita a 2009 bai kuma yi mata magajiya ba. 'Yan shekaru bayan haka ana samun tsofaffin ƙirar farko a ƙasa da rabin kuɗinsu na asali, daidai aljihun samari. Su kuwa suka yi da ita abin da samari ke yi. Aka sauke ta ƙasa, aka canza salansa da tayoyi, aka ɗaura mata turbo, aka yanka bodi don a saka manyan fukafukai, aka kai ta filin tsere. Ƙirar farko tana da hali guda: in direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, ko ya taka a kan jiƙaƙƙen titi, bayan motar kan juyo ba gargaɗi, ga shi ba a saka mata na'urar hana santsi ba sai a ƙirar 2006. Da yawa sun ƙare a jikin ƙarfen gefen hanya. Ɓarayi ma sun ci rabonsu, har ya zama sananne a Amurka a yanka tamfol ɗin da wuƙa a kwance kujerun, saboda suna shiga cikin Civic da Integra. A Ingila kuwa gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu ya cinye ƙasan da yawa da tsatsa.

Don haka motocin suna nan da dama, amma wadda ba a taɓa ba, fentinta na kamfani, injinta ba a buɗe ba, takardun gyaranta a jere, ita ce ta yi wuya. Kasuwar masu tara motoci wannan take nema, kuma kowace mota da wani saurayi ya lalata a 2013 ta ƙara wa sauran daraja.

Sai kuma masu saye. Yaron da ya tuƙa S2000 a wasan kwamfuta na Gran Turismo, ya gan ta baƙa a fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 da kuma mai ruwan hoda a kashi na biyu a 2003, yau ya haura arba'in, yana da albashi da gareji. Haka abin ke tafiya a kowane zamani: mutum yakan sayi motar da ya yi sha'awa yana yaro da zarar aljihunsa ya kai. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne ƙofar ta rufe a baya. Dokokin hayaƙi da na shan mai sun tura kamfanoni zuwa ƙananan injuna masu turbo da kuma lantarki, giyar hannu tana ɓacewa, kuma babu alamar wani babban kamfani zai sake kashe kuɗi ya ƙera inji mai lita biyu da juyi 9,000 don motar talakan attajiri. Da tsohuwar zuma ake magani, musamman in an daina samun sabuwa.

Yadda ake yanke farashi kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Kamfanin inshora na Hagerty da ke jihar Michigan, wanda littafin farashinsa ya zama abin dubawa ga masu wannan harka, yana raba motoci mataki huɗu, daga na ɗaya, wadda ta isa shiga gasar baje-koli, zuwa na huɗu, wadda ke tafiya amma da aibobi a fili. Tsakanin na ɗaya da na huɗu kuɗin kan ninka har fiye da sau biyu, a mota iri ɗaya ta shekara ɗaya. Mai sayen S2000 a Amurka abin da yake fara ƙirgawa shi ne 'yan takardun lambar shasi guda goma da kamfani ya liƙa a ƙofofi da bonet da bamba da sauran sassan bodi. In ɗaya ta ɓace, an canza wannan sashe, ma'ana wataƙila an yi karo. Yana sauraron injin da sanyin safiya ko zai ji karkarwar abin da ke ɗaure sarƙar taimin, wanda sanannen rauni ne amma gyaransa ba tsada. Wanda ya fi sani yakan sa a buɗe murfin injin a duba 'yan faifan da ke riƙe bawul, domin a ƙirar farko sukan tsage in direba ya yi kuskuren faɗawa giya ta biyu yana nufin ta huɗu, injin ya wuce iyakarsa. Irin wannan tsagewa ba ta nuna kanta sai ranar da bawul ya faɗa cikin silinda. Launi ma yana da kuɗinsa, rawaya da fari da wani shuɗi sukan fi azurfa da baƙi, saboda kawai an fi yin azurfa da baƙin. Tun da yawancin ciniki yanzu ta intanet ake yi, mai sayarwa yakan ɗora hotuna ɗaruruwa da bidiyon tayar da inji da hoton ƙasan motar, don kada abin ya zama cinikin biri a sama.

Akwai kuma gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masoyan ƙirar farko, AP1, da ta biyu, AP2. Daga 2004 motocin Amurka suka samu inji mai lita 2.2, ya fi ja a ƙasa amma iyakarsa ta sauko zuwa 8,000, aka kuma gyara ƙafafun baya don motar ta daina juyowa. Japan ta bi sahu daga baya, Turai ta zauna da lita biyu har ƙarshe. AP2 ta fi zama mota ta kowace fuska da za a iya aunawa, kuma galibi ta fi kuɗi. Ni dai a ganina AP1 ce ainihin abin da aka zo yi, domin juyi dubun nan na ƙarshe shi ne dalilin da ya sa ake maganar motar har yau.

Samfurin CR, wanda ya kafa tarihin farashi, shi ne ya fi ban mamaki. An yi shi don Amurka kaɗai, a 2008 da 2009, guda 699 kacal, 31 ne kawai daga ciki na 2009. Injinsa daidai yake da na sauran, ko doki ɗaya bai ƙara ba. An ƙara wa ƙafafunsa tauri, an sa babban fiffike a baya, an cire rediyo da na'urar sanyaya iska sai wanda ya nema, an cire tayar safaya. Sannan aka cire rufin tamfol ɗin gaba ɗaya da injin naɗe shi, aka sa ƙarafan ƙarfafa bodi a gurbinsa, aka ba mai mota murfin alminiyam wanda sai mutum biyu sun ɗaga. In ka fita ba murfi ruwa ya sauko, ka jiƙe. Wato S2000 da ta fi kowace tsada ita ce wadda aka raba da abin da ya sa mutane ke sayen irin wannan mota. Ƙarancinta ma ba dabarar kamfani ba ce zalla: ta fito daidai lokacin da kasuwa ta mutu, ba ta samu masu saye ba, aka yi kaɗan. Rashin farin jininta na jiya shi ne jarinta na yau.

In aka ajiye ta kusa da sa'o'inta, sai a ga wane abu ne ke aiki. MX-5 ta wuce miliyan ɗaya a 2016, ana kuma ci gaba da ƙera ta, don haka tsofaffinta, duk da suna tashi, ba su da inda za su je da nisa. Boxster ta farko ta fi S2000 tsada tana sabuwa, tana ɗauke da tambarin Porsche, amma yau galibi ta fi ta arha, saboda an yi ta da yawa kuma labarin wani boris a cikin injinta da kan lalace ya kashe injin gaba ɗaya ya bi ta ko'ina. BMW Z8 kuwa guda 5,703 aka yi daga 2000 zuwa 2003, a kan dala 128,000, attajirai suka saya suka adana tun ranar farko, ba ta taɓa faɗawa hannun samari ba, kuma yau ta wuce kuɗinta na asali. Ko a gidan Peugeot haka abin yake. 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun daga shekarun 1970 tana da 'yar'uwa mai buɗaɗɗen sama wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, kimanin 8,000 kawai aka yi, kuma a Turai ana biyanta kuɗin da direban tashar da ya tsufa a cikin 504 ba zai yarda ba in an faɗa masa.

To, riba ce? A nan ne labarin dala 200,000 yake yaudarar mutane. Wanda ya sayi S2000 sabuwa a Amurka a shekarar 2000 ya biya kusan dala 32,000. In aka yi lissafin hauhawar farashi, waɗannan kuɗi sun haura dala 55,000 a kuɗin 'yan shekarun nan. Mota mai kyau wadda aka hau daidai gwargwado galibi tana tafiya tsakanin dala 20,000 da 35,000. Ke nan mai ita bai ko mayar da uwar kuɗinsa ba, kafin a cire inshora ta shekara ashirin da wurin ajiya da tayoyi da sabon tamfol. Waɗanda suka ci riba ta gaske su ne waɗanda suka saya lokacin da ba wanda ke so, suka kuma bar ta yadda take. Su ma yawancinsu ba hangen nesa ba ne, son motar ne ya zo daidai da sa'a.

Lokacin da aka yi wancan ciniki ma yana da nasa bayani. Daga 2020 zuwa farkon 2022 kuɗin ruwa a Amurka yana kusa da sifili, annobar korona ta zaunar da mutane a gida da waya a hannu, sababbin motoci sun yi ƙaranci saboda rashin ƙananan na'urorin lantarki, kuɗi suka kwarara cikin agoguna da zane-zane da tsofaffin motoci. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, kuma cikin shekara guda zafin gwanjon ya ragu. Farashin S2000 bai rushe ba, amma ya daina gudu, wasu da suka saya a ƙololuwa suka sayar da asara bayan an cire la'ada. Farashin gwanjo guda ɗaya abin da yake nunawa kawai shi ne an samu mutum biyu masu kuɗi da suka nace a rana ɗaya.

Wanda ya sayi mota mai mil 123 kuma ya sayi ɗawainiya. Ba zai iya hawanta ba, domin kowane mil da ya ƙara yana cin kuɗin da ya biya, in ya kai ta mil 5,000 ta koma sahun da ake sayarwa da rabi ko kusa da haka. Ajiyar ma ba ta bar ta lafiya ba: robobi suna bushewa, man birki yana jan danshi, fetur yana lalacewa a tanki, tayoyi suna taurara ko da zanensu sabo ne. Injin da Uehara da mutanensa suka tsara don ya yi kuka a juyi 9,000 mai yiwuwa bai taɓa jin VTEC ya buɗe ba, tun da littafin motar ya hana a matsa wa sabon inji kafin ya yi mil 600. Ni da za a ba ni zaɓi, zan ɗauki wadda ta yi mil 60,000 a hannun mutum ɗaya mai ajiye rasit, in bar wa masu gidan tarihi tasu. Ita ce za a iya fita da ita da yamma a naɗe rufi, kuma in kasuwa ta juya, faɗuwarta ba ta da nisa.

Abin da ya rage a sa wa ido shi ne Japan. Dokar Amurka ta hana shigo da motar da ba a ƙera bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25. Wannan doka ce ta sa farashin Nissan Skyline GT-R ya yi tsalle a Japan daga 2014, lokacin da ƙirar 1989 ta samu izinin shiga. S2000 ɗin Japan na farko sun cika sharaɗin a 2024, masu sitiyari a dama da injin da ya ɗan fi na Amurka matsi. Tasirin ba zai kai na Skyline ba, tun da Amurkawa suna da nasu dubbai a gida. Amma akwai wani samfuri da ba su taɓa samu ba, Type S, wanda Honda ya fitar don kasuwar Japan kaɗai a ƙarshen 2007, bai kuma kai guda 2,000 ba. Yana da fiffike da gaban mota irin na CR, sai dai an bar masa rufinsa na tamfol mai naɗewa. Na farkonsu ba za su iya sauka a tashar jiragen ruwan Amurka ba sai ƙarshen 2032.